Faifan da Kapambwe Ya Hana Kowa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Chisokone da ke garin Kitwe ta ƙofar masu kifi ya san Kapambwe, ko bai san fuskarsa ba ya san ƙararsa. Rumfarsa tana kallon tawa. Ni Mpundu takalma nake gyarawa, shi kuwa faya-fayan garmaho da kaset yake sayarwa, in dai abin da yake yi sunansa sayarwa. Tun gashinmu yana baƙi muke zaune muna kallon juna, tun lokacin kuma nake roƙonsa ya rage ƙarar lasifika, bai taɓa ragewa ba. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana aikin rami a mahaƙar tagulla, shi ya sa yake ganin kowa ma kunne ɗaya gare shi.

Labarin da zan ba ku na watan da Maman Lengwe ta ce za ta bar Kitwe ne, watan da Kapambwe ya kusa mutuwa a tsaye, ni kuma aka ɗora mini kaya a ka. Amma sai kun san mutumin tukuna.

Daga Mporokoso ya zo yana saurayi, da akwatin kwano da wando ɗaya. Ya samu aikin rami, da albashin farko ya sayi jita. Ya yi ta kaɗawa har maƙwabtansa na barikin ma'aikata suka yi taro a kansa, suka turo dattijo ya ba shi haƙuri. Da bakinsa yake faɗa cewa yatsunsa na haƙa ne, ba na kiɗa ba. Da ya ga haka sai ya koma ɗaukar wa makaɗa kaya. Duk ranar Asabar yana bayan babbar mota rungume da lasifikar wasu, daga Chingola zuwa Luanshya, ba a biyansa ko ngwee, shi dai a bar shi ya tsaya kusa da ganga. A haka ya san waɗanda suka yi suna, ya kuma san waɗanda suka fi su iyawa amma ba wanda ya taɓa jin labarinsu. Da aka sallami ma'aikata, wasu suka sayi keken ɗinki, wasu suka koma gona. Kapambwe ya kwashi kuɗin sallamarsa ya saye faya-fayan wani kanti da zai rufe, har da waɗanda ƙura ta cinye. Matarsa ta lokacin ta dubi faya-fayan, ta dube shi, ta hau motar Kasama, ba ta sake dawowa ba.

Ƙa'idar rumfarsa ita ce ba ya ba ka abin da ka zo nema. Sai ka ga mutum ya shigo da kuɗinsa a hannu.

"Kawu, kana da sabon kaset ɗin nan da ake sawa a rediyo?"

"Akwai. Me ka ci jiya?"

"Na'am?"

"Tambayarka na yi. Me ka ci jiya, da wa kuma ka ci?"

Sai ya karkata kai ya miƙo kunnen dama, ya ƙura wa mutum ido har mutum ya sha jinin jikinsa. Daga nan ya juya ya zaro wani faifai na wasu da ko iyayensu sun manta sun taɓa yin kiɗa. Kaset ɗin manyan mawaƙa kuwa yana cikin kwali a ƙarƙashin tebur, tuwon jiya yake kiransa. Ya ce yana cika ciki, amma ba a yi wa baƙo tayinsa.

Ƙa'ida ta biyu, gefe na biyu yake fara sa maka. "Gefen farko na masu gidan rediyo ne," in ji shi, "an yi wanka an fesa turare. A gefe na biyu ne kowa ya gaji, mai ɗakin naɗa sauti yana ta kallon agogo, sai su daina yanga su faɗi gaskiya."

Ina zaune wani sajan ɗin 'yan sanda ya zo, fuska a murtuke, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa da hannu ɗaya, ya ce a ba shi kiɗan rawa mai zafi. Kapambwe ya dube shi ya ba shi 'Yan Matan Layin Dogo, wasu 'yan'uwa mata daga Kapiri da suka yi waƙar tallan gyaɗa a tagar jirgin ƙasa. Na ce yau sai an kwana da abokina a caji ofis. Bayan kwana biyu sajan ya dawo ba hula, ya sunkuya ya tambaya a hankali ko suna da wani faifan.

"Ɗaya suka yi, ranka ya daɗe. Babbar ta auri fasto."

Ashe da tallan gyaɗa a tashar Kapiri uwar sajan ta yi masa makaranta. Na tambayi Kapambwe yadda aka yi ya sani, ya ce shi bai sani ba, ɓarin gyaɗar kawai ya gani.

Ni ma ban tsira ba. Ban taɓa neman komai a wurinsa ba, amma wata rana ya tsallako ya ajiye mini faifan Angulayen Mufulira a kan takalmin mutane. Na ce don me? Ya ce, "Irinku ɗaya. Ba fara'a, amma gari ba ya zama lafiya sai da ku." Na yi mako ban gaishe shi ba. Faifan yana nan, duk Lahadi nake sa shi, amma kada ku gaya masa.

Faifai ɗaya ne bai taɓa ba kowa ba, bai ma taɓa sa shi a rumfa ba. Na Fitilun Rami ne, wasu abokan aikinsa na Chambishi da suka naɗi faifai ɗaya tak, kafin mai gangarsu ya gudu Kongo da matar mai jita. Yana rataye a bango cikin leda, sama da kansa. Ɗalibai sun nema, wani Bature mai jakar goyo ya yi yini uku yana lallashi da gurɓataccen yaren Bemba, duk amsa ɗaya suka samu: "Mai shi bai zo ba tukuna."

To, Maman Lengwe. Busasshen ƙaramin kifin nan kapenta take sayarwa a layin bayanmu, mace mai jiki da baki, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ita kaɗai ce a Kitwe Kapambwe ya kasa gamsarwa. Duk ranar Asabar in za a tashi kasuwa sai ya naɗe faifai a jarida ya kai mata aro, ranar Litinin ta dawo da shi ta dangwarar a kan tebur ta yanke hukunci.

"Mai gangar nan girman kai gare shi."

Ko ta ce, "Wannan mai jitar yunwa ke damunsa, a ba shi tuwo kafin a ba shi jita."

Kadojin Luapula, waɗanda Kapambwe yake cire hula in zai ambaci sunansu, cewa ta yi ba su da tarbiyya. Maimakon ya ji haushi, sai ya tsallako wurina jiki na rawa. "Mpundu, ka ji ko? Ta gano mai gangar! Wallahi haka yake, ko gaisuwa ba ya amsawa. Matar nan kunnenta ya fi na kowa a ƙasar nan." Ya koma ya yini yana tono yana neman wanda zai burge ta. Shekara da shekaru ana wannan abu. Masu kifi sun gane, masu turin baro sun gane, har mahaukacin bakin ƙofa ya gane. Su biyun ne kawai suke cewa maganar kiɗa suke yi.

Sai ga labari cewa ɗanta Lengwe, malamin makaranta a Mansa, ya gina mata ɗaki, ƙarshen wata zai zo da mota ya kwashe ta. Ta fara rabar da tasoshinta na awo. Ranar da labarin ya iso rumfar Kapambwe na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani yaro mai askin banza ya zo ya nemi tuwon jiya, Kapambwe ya sunkuya ya ɗauko ya miƙa masa, ko tambayar me ya ci jiya bai yi ba. Na ajiye guduma na tsallaka.

"Kai, lafiyarka?"

"Za ta tafi, Mpundu."

"To ka hana ta mana. Bakinka ciwo yake yi? Mutumin da ke gaya wa sajan abin da ke cikin ransa!"

"Na wasu nake gani. Nawa ban iya faɗa ba." Ya ɗago ya dube ni. "Kai za ka zama shibukombe."

Wato ni zan zama ɗan aiken neman aure, da furfurata da ciwon gwiwata. Na ce masa ya haukace. Na ce mace mai jikoki ba a aika mata faranti kamar 'yar budurwa. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba sa maimaituwa. Amma tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin idonsa haka ba, ko ranar da matarsa ta hau motar Kasama.

Yadda ake yi a wajenmu, ana samun faranti biyu, a sa 'yar alama a cikin ɗaya, a kife ɗayan a kai, a ɗaure da zane, ɗan aike ya kai. In an karɓa an ajiye, magana ta yiwu. In an dawo da su yadda suka je, ba sai an yi maka bayani ba. Kowa 'yan kuɗi yake sawa. Kapambwe kuwa hawa kujera ya yi ya sauko da Fitilun Rami daga bango.

"Ka san faifan nan ba zai shiga faranti ba ko?" na ce.

Bai shiga ba. Sai da muka aro manyan tire biyu a wurin mai abincin bakin tasha, irin waɗanda ake jera kofunan shayi a kai, muka kife, muka ɗaure da sabuwar atamfa. Ranar Lahadi bayan an taso coci na sa kwat ɗina na ɗauki abin nan a hannu biyu na kama hanyar Wusakile, unguwar Maman Lengwe. Ba irin tsiyar da ban sha ba a wurin mutanen hanya.

"Baba Mpundu, giwa aka soya ne?"

"A'a, wannan ai neman auren mata huɗu ne a haɗe!"

"Tsoho, in an ƙi ka, ka biyo ta nan da naman!"

Na yi kunnen uwar shegu da su, na isa ina gumi. Abin da ban yi tsammani ba, matan ƙungiyar mawaƙan cocinsu sun cika tsakar gidan, sun zo yi mata ban kwana. Suna ganin ɗaurin zanen suka yi tsit, sai ƙus-ƙus da taɓa juna. Juyawa ba ta yiwuwa. Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara, na tafa hannu yadda ake yi, na ajiye a gabanta na ce daga Kapambwe.

Maman Lengwe ta kwance zanen, ta ɗaga tiren sama. Ta daɗe tana kallon faifan. Ta san shi, duk kasuwa ta san shi. Na ga leɓenta yana motsi. Ta dubi matan da suka miƙo wuya, ta mayar da tiren ta kife, ta ɗaure zanen tamau, ta turo mini.

"Mayar masa."

Ta tashi ta shige ɗaki. Dawowar nan ta fi tafiyar nauyi. Masu tsiyar ma da suka ga fuskata ba wanda ya tanka. Kapambwe yana zaune a ƙofar gidansa da farar riga a goge. Ya hango zanen a ɗaure tun daga nesa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu da hanya, Mpundu," ya shiga ciki.

Ranar Litinin ya buɗe rumfa amma bai kunna komai ba. Abin da na yi shekaru ina roƙo ya samu, sai ga shi na kasa aiki. Ina jin ƙarar gudumata kamar a cikin kaina nake bugawa. Masu kifi suka riƙa leƙowa suna tambaya wa ya rasu. Maman Lengwe ba ta fito kasuwa ba. Washegari ma haka, shiru, Kapambwe yana zaune yana kallon ƙusar da faifan yake rataye a da. Raina ya ɓaci. Na rufe rumfa da rana tsaka na koma Wusakile, wannan karon ba kwat ba ladabi.

Na same ta ita kaɗai a tsakiyar ƙullin kaya.

"Maman Lengwe, ashe haka kike? In ba kya son mutum, me ya sa kika yi shekaru kina karɓar faya-fayansa? Kin zagi makaɗansa kaf ya haƙura, yanzu ya ba ki wanda ya hana Bature, kin watsa masa ƙasa a ido a gaban mata!"

"Ka gama?"

"Ban gama ba!"

"To ka ƙarasa kana kallon ɗakin nan. Duba da kyau, Baban takalma. Ina garmahon?"

Na duba. Gado, tebur, tukwane, kalandar coci. Na leƙa har bayan labule.

"Kin riga kin ɗaure shi ne?"

"Ranar da aka binne Baban Lengwe danginsa suka zo da mota. Garmaho suka fara ɗauka, kafin kujeru. Tun ranar ba abin da ya sake yin kiɗa a gidan nan."

Na nemi wuri na zauna a kan ƙullin kaya ba tare da an ce in zauna ba. "To duk hukuncin da kike yankewa fa? Mai ganga mai girman kai?"

"Hoton bayan kwalin nake kallo. Mutum ya ɗaga hanci yana riƙe da sanda, ai ba sai ka ji kiɗansa ba."

"Mai jita mai jin yunwa?"

"Ka ga wuyansa kuwa?"

Dariya ta zo mini, na danne, sai na ga ita idonta ya kawo ruwa. Ta ce ranar da ya fara kawo mata faifai kunya ce ta hana ta cewa an kwashe mata gida. Ta ce bari ta kushe, zai gaji ya daina. Bai daina ba, sai ma ya ƙara ƙaimi, har ta wayi gari tana jiran Asabar fiye da Lahadi. Takan jingina faifan a kan tebur ta ci tuwo tana kallonsa.

"Na aro duk na iya yi musu ƙarya," ta ce. "Wannan ba na aro ba ne. In na ajiye shi, na karɓi mutumin da yake ganin ina da kunnen da ba ni da shi. In faɗi gaskiya kuma, a gaban waɗancan matan? Kafin yamma Wusakile duk ta ji. Ka gaya masa matar da yake yabo ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. In ya ji haka ya fasa, ba laifinsa."

Na koma kasuwa da saurin da gwiwata ba ta yarda da shi ba. Na tsaya ta wajen kunnensa na dama na zayyana masa komai. Kapambwe ya yi tsuru-tsuru, baki sake.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Kadojin Luapula ma?"

"Rigunansu ne ba su yi mata ba."

Ya dafe kai. Na zaci zai yi fushi, don mutumin da ke alfahari da karanta fuskar mutane an yi shekaru ana karanta masa kwali. Can sai ya miƙe zumbur, har kujera ta faɗi. "Mpundu! Wato ba ta ƙi su ba. Ba ta ji su ba ne kawai!" Ya leƙa waje ya ƙwala wa mai baro kira.

Haka muka ratsa gari da la'asar, garmaho da lasifika a cikin baro, Kapambwe yana gefe yana riƙe da su yana yi wa mai turin faɗa a kan kowane rami, ni kuma a baya da tire biyu a karo na uku. Wannan karon da aka yi mini tsiya na rama.

Ta buɗe ƙofa ta gan mu, ba ta ce mu shigo ba, ba ta kuma hana ba. Ya share teburin da hannun rigarsa, ya haɗa wayoyi, ya kwance zanen da kansa. Ya ɗora faifan, ya saukar da allura. Gefe na biyu ya fara sawa, ko a ranar bai bar halinsa ba.

Ni ba masanin kiɗa ba ne. Jita ce a hankali, da kalindula, babbar jitar nan mai kaurin sauti, tana gurnani a ƙasa, da wasu maza masu dasasshiyar murya suna waƙar fitowa daga rami da safe, kowa yana duba ko an bar masa wuta a murhu. Mijinta ma ɗan rami ne. Ta zauna a bakin gado, hannu a cinya, ba ta motsa ba har allurar ta kai ƙarshe tana ƙaf-ƙaf. Kapambwe ya karkata kai ya miƙo kunnen dama, yana jiran hukunci.

Ta share ido da gefen zane. "Mai gangar nan yana sauri."

"Yana sauri," in ji shi. "Kullum sai an yi masa faɗa."

"Amma ba komai. Bar shi a nan." Ta ɗauki tire biyun ta tura su ƙarƙashin gado da ƙafa. "Sauran kuma da na zaga, sai ka kawo su daga na farko. Ba zan mutu da alhakin mutane ba, sai na ji kowa da kunnena."

"Chilufya," ya ce. Ban taɓa jin wani ya kira ta da sunanta ba. "Suna da yawa fa. Wannan aikin shekaru ne, ga Lengwe zai zo ƙarshen wata."

"In ya zo ya ci tuwo ya koma da motarsa. Sauri nake yi? Juya mana ɗaya gefen."

Ya juya faifan. Ni kuwa na lallaɓa na fita, ina tunanin abin da zan gaya wa mai abincin bakin tasha game da tirenta.